Rikicewar Garkuwar Jiki da Ciwon Sikizofireniya: Abin Lura ga Asibitocin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Maƙalar ta duba hujjojin da ke danganta sikizofireniya da rikicewar garkuwar jiki, ta kuma kawo shawarar yadda za a riƙa tantance masu sabon taɓin hankali a ƙananan hukumomin nan uku na Jihar Zamfara.

Hujjojin da ake da su

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ke fama da sikizofireniya, wato ɗaya cikin kowane 300. Binciken Benros da abokan aikinsa a Denmak a 2011 ya nuna cewa cutar da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita tana ƙara haɗarin kamuwa da kashi 29 cikin ɗari, kwanciya asibiti saboda ƙwayar cuta kuma da kashi 60. A 2016 Sekar da McCarroll suka alaƙanta ciwon da ƙwayar halittar C4, wadda ake ganin tana sa a datse mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa fiye da ƙima.

Abin da ya fi shafar likitan karkara shi ne aikin Josep Dalmau na 2007. Ya bayyana mata 12 da sinadaran garkuwarsu suka far wa mashigar NMDA ta ƙwaƙwalwa. Ciwon, wato kumburin ƙwaƙwalwa, kan fara da rashin barci, jin muryoyi da zargin mutane, daga baya jijjiga da motsin baki su biyo. Titulaer ya bi marasa lafiya 577, kuma rahotonsa na 2013 ya nuna kashi 81 na waɗanda aka bi har shekara biyu sun samu sauƙi sosai. Sai dai adadin masu irin wannan bai da yawa: Lennox a Ingila, a 2017, ta samu sinadarin a jinin kashi 3 kacal na mutum 228 masu sabon taɓin hankali. Saboda haka kuskure ne a ce garkuwar jiki ce tushen sikizofireniya baki ɗaya. Amma wannan ƙaramin kaso yana da magani, kuma jinkiri na iya kashe shi.

Yanayin yankin

Noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya sa ruwa ba ya yankewa, sauro ma haka. Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 daga Zamfara ta faro. Jama'ar da zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa ya yi wa yawa haka ta cancanci a bincike ta. Ga shi kuma iyali kan fara kai wanda ya rikice wajen ruƙiyya, da zaton aljanu ko sammu, kafin a kama hanyar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Makonnin nan da ake ɓatawa su ne mafi tsada ga mai kumburin ƙwaƙwalwa.

Shawara

Gwajin sinadarin yana da tsada, amma ƙa'idojin Graus na 2016 sun ba da damar zargin kumburin ƙwaƙwalwar tun daga alamomi. Duk wanda hankalinsa ya gushe cikin ƙasa da wata uku, tare da jijjiga, sandarewar jiki, ɗaukewar magana ko tsanantar ciwo bayan allurar haloferidol, kada a tsaya ga maganin kwantar da hankali kawai. A fara kawar da zargin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, a ɗebi ruwan ƙashin baya, sannan a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya kamata manyan asibitocin ƙananan hukumomin uku su buɗe rajista ɗaya ta irin waɗannan marasa lafiya, a riƙa adana samfurinsu domin gwaji.