Bevis Marks: Majami'ar da Hidimar Sa Kai ta Riƙe Shekara Ɗari Uku

A tsohon birnin Landan, inda bankuna da kamfanonin inshora suka yi cincirindo, akwai wata ƙofar ƙarfe da ke shigar da mutum wani ɗan tsakar gida. A nan majami'ar Bevis Marks take, ginin bulo marar ado daga waje, wanda aka buɗe a watan Satumba na 1701. Ita ce majami'ar Yahudawa mafi daɗewa a Birtaniya, kuma har gobe ana ibada a cikinta. Ba sarki ne ya gina ta ba, ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinta ba. 'Yan kasuwa ne 'yan gudun hijira suka haɗa kuɗinsu suka kafa ta, suka kuma ɗora wa kansu wata doka mai nauyi: duk wanda jama'a ta zaɓa ya yi mata hidima, to sai ya yi, ba albashi, ba kuma uzuri.

Asalin labarin ya faro ne da kora. A 1290 Sarki Edward na Ɗaya ya kori Yahudawa daga Ingila baki ɗaya. A 1492 Sifaniya ta kori nata, a 1497 kuma Fotugal ta tilasta wa nata shiga Kiristanci. Da yawa sun karɓi sabon addinin a baki, suka ci gaba da riƙe na kakanninsu a ɓoye, uwa na raɗa wa 'ya, uba na raɗa wa ɗa. Jikokin waɗannan mutane ne suka sauka Landan a ƙarni na 17 da sunan fataken Sifaniya da Fotugal. Babbansu, Antonio Fernandez Carvajal, har coci yake zuwa a gidan jakadan Sifaniya don kada a gane shi. A 1655 wani malami daga Amsterdam, Menasseh ben Israel, ya zo ya roƙi Oliver Cromwell, wanda ke mulkin Ingila a lokacin da ba ta da sarki, ya buɗe wa Yahudawa ƙofar dawowa. Aka yi taro kan maganar a Whitehall da ke Landan a watan Disamba, aka watse ba a yanke komai ba. Abin da taro ya kasa, yaƙi ne ya yi shi. Ingila ta shiga yaƙi da Sifaniya, aka ƙwace dukiyar wani ɗan kasuwa mai suna Antonio Robles da hujjar cewa ɗan ƙasar abokan gaba ne. Sai ya fito fili ya ce shi Bayahude ne da ya gudo daga zalunci. A 1656 aka mayar masa da kayansa. Daga nan asiri ya tonu, hukuma kuma ta kau da kai. Aka kama hayar wani gida a layin Creechurch aka fara ibada a farkon 1657, a shekarar kuma aka sami fili a Mile End don makabarta.

Sai dai kau da kai ba izini ba ne. Babu wata doka a rubuce da ta ba su damar zama, kuma da sarauta ta dawo a 1660, 'yan kasuwar Landan sun kai kuka ga Sarki Charles na Biyu cewa a sake korarsu. Wannan tsoro shi ya haifi tsarin da suka rubuta a 1663 zuwa 1664, wanda suke kira Ascamot, bisa koyi da jama'o'in Amsterdam da Venice. Tsarin ya damƙa ragamar komai a hannun wata ƙaramar majalisa, Mahamad: shugabanni biyu da ake kira parnas, da ma'aji guda da ake kira gabay. Daga baya aka ƙara yawan shugabannin zuwa huɗu. Yawancinsu 'yan kasuwa ne masu shagunansu da jiragensu, ba malamai ba, kuma ba a biyan su ko sisi. Su ke raba wa mutane wurin zama a majami'a, su ke sasanta rigimar ciniki tsakanin 'yan'uwa kafin ta kai kotu, su ke ba da izinin buga littafi. Sun hana musun addini da Kiristoci, sun hana jawo wani cikin addininsu, sun kuma hana kafa wata majami'ar daban a birnin. Ko babban malami, wanda suke kira Haham, ma'aikacinsu ne, su ke ɗaukarsa su ke biyansa.

An ga amfanin haka tun da wuri. Malamin farko, Jacob Sasportas, ya iso a 1664, annoba ta ɓarke a 1665, ya bar garin. Jama'a ta yi shekaru ba babban malami, amma ba ta watse ba, domin ba a kansa aka gina ta ba.

Aikin ma'aji ya fi na kowa wahala. Shi ke bin mutane yana karɓar finta, kuɗin da ake yanka wa kowane magidanci gwargwadon ƙarfinsa, da imposta, ɗan kason da ake cirewa daga cinikin da mutum ya yi. Shi ke riƙe da sunayen zawarawa da marayu da tsofaffin da ake ba tallafi, shi ke jin koken wanda ya ce an yi masa yanka da yawa. Mutumin da ke da harkar kaya tsakanin Landan da Jamaika zai ajiye littattafan cinikinsa ya zauna yana lissafin gawayin da za a raba wa talakawa lokacin sanyi. In shekara ta zagayo ya miƙa littafin ga wani, shi kuma ya shiga sahun dattawa masu ba da shawara.

Da gidan Creechurch ya yi musu kaɗan, a 1699 suka ƙulla yarjejeniya da wani magini, Joseph Avis, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Quaker. Ana ba da labarin cewa da aka gama aiki ya mayar da rarar kuɗin, ya ce ba zai ci riba a ginin ɗakin Allah ba. An ɓoye ginin a cikin tsakar gida, nesa da idon masu wucewa. A ciki kuwa akwai manyan tagogi masu shigo da haske, da bencinan katako waɗanda wasunsu daga tsohon gidan aka ɗauko su, da manyan fitilun tagulla guda 7 masu ɗaukar kyandir, waɗanda ake cewa babbar cikinsu kyauta ce daga 'yan'uwansu na Amsterdam. Har yau ana kunna kyandir a kansu a manyan bukukuwa da ɗaurin aure, kuma sai an sami masu tsayawa su kunna su ɗaya bayan ɗaya.

A shekarun 1720 da 1730 tsanani ya ƙaru a Fotugal, 'yan gudun hijira suka riƙa sauka a bakin kogin Thames, wasu ba su da ko kuɗin jirgi, sai asusun majami'a ya biya matuƙan. Ma'auratan da suka yi shekaru tare, da 'ya'yansu manya, a nan ake sake ɗaura musu aure bisa addinin Yahudu, ana rubuta a littafin aure cewa daga Fotugal suka zo. Don irin waɗannan mutane ne ƙungiyoyin taimako suka yawaita. Makarantar yara maza ta riga ta kafu tun 1664. Aka ƙara gidan marayu a 1703, da makarantar 'yan mata, da asusun aurar da 'ya'yan talakawa, da asibitin Beth Holim wajen 1748. A 1760 wakilan wannan jama'a ne suka je yi wa sabon sarki George na Uku mubaya'a, kuma daga kwamitin waɗannan wakilai ne majalisar wakilan Yahudawan Birtaniya ta samo asali.

Ƙungiyar da ta fi taɓa mini zuciya ita ce ta Lavadores, masu wankan gawa. Ba kujera a gaba, ba sunan da ake kira a bainar jama'a. In an yi rasuwa a aiko musu, su bar abin da suke yi su zo su wanke mamaci, su sa masa likkafani, su raka shi Mile End. Shiga cikinsu daraja ce da manyan attajirai ke nema, kuma Moses Montefiore, wanda ya yi shekara ɗari da haihuwa kafin ya rasu a 1885, wanda ya gana da sarakunan Rasha da na Daular Usmaniyya don kare 'yan'uwansa, yana cikinsu. Kujerarsa na nan a majami'ar har yanzu, an kewaye ta da igiya.

Amma dokar da ta riƙe jama'ar ita ce kuma ta riƙa zubar mata da mutane. Wanda aka zaɓa ya ƙi, tara ce a kansa. A 1813 aka zaɓi Isaac D'Israeli ya zama parnas. Marubuci ne mai son kaɗaici da littattafansa, ba ya cika zuwa ibada, yana dai biyan kuɗinsa don girmama mahaifinsa. Ya rubuta musu cewa bai dace da muƙamin ba. Suka ci shi tarar fam 40. Aka yi ta ja-in-ja har mahaifin ya rasu, a 1817 ya fice, ya kuma sa aka yi wa 'ya'yansa baftisma. Ɗaya daga cikinsu, yaro ɗan shekara 12, shi ne Benjamin Disraeli, wanda ya zama firaministan Birtaniya sau biyu. A ganina dattawan sun yi kuskure. Tsaurin da ya dace da 1664, lokacin da kuskuren mutum ɗaya ke iya jawo wa kowa kora, bai dace da mutanen da aka haife su a Ingila, kakanninsu ma a can aka binne su ba. Ana iya tilasta wa mutum ya biya finta, amma hidimar da aka karɓa da barazanar tara ta riga ta rasa abin da ya sa take da daraja. Sai dai ina fahimtar fargabarsu: in aka bar mutum ɗaya ya zame, gobe goma za su zame, aikin kuma ba mai yi.

Haka aka sake yi a 1840. Iyalai masu hali sun koma yammacin Landan, addininsu kuma ya hana hawa abin hawa ranar Asabar, tafiyar ƙafa zuwa Bevis Marks ta yi nisa. Suka nemi a buɗe musu reshe, a kuma taƙaita wasu addu'o'i. Majalisa ta kafe a kan tsohuwar dokar hana kafa wata majami'a. Suka ɓalle suka kafa majami'ar West London, aka yanke hulɗa da su na wasu shekaru, 'yan'uwan jini suka daina gaisawa. A 1853 majalisar ta buɗe reshen da ta ƙi buɗewa tun farko, a titin Wigmore, a 1896 kuma aka gina babbar majami'a a titin Lauderdale.

Da jama'a ta ƙaura, tsohon ginin ya zama kamar gidan gado da magada suka watse. A shekarun 1880 har an kawo shawarar sayar da shi. Wasu daga cikin jama'ar suka kafa ƙungiyar hana rushe shi, suka yi ta fafutika har aka janye maganar. Ya tsallake ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya cinye babbar majami'ar Yahudawan Ashkenazi, 'yan asalin Jamus da gabashin Turai, da ke maƙwabtaka da shi a 1941. Bama-baman da ƙungiyar IRA ta 'yan tawayen Ireland ta tayar a unguwar a 1992 da 1993 sun yi masa ɓarna, aka tara kuɗi aka gyara. Wahalar yau da gobe kuwa ita ce ta haɗa maza goma, domin addu'ar jam'i ba ta tsayuwa sai da su, kuma unguwar ta koma ta ofisoshi, mazauna kaɗan ne. Akwai masu tako doguwar hanya da safiyar Asabar don kawai adadin ya cika.

Barazanar baya-bayan nan ta dogayen benaye ce. Masu gine-gine sun nemi kafa wani mai hawa 48 dab da majami'ar, wanda zai tare hasken tagoginta da sararin da ake fita tsakar gida a duba don addu'ar sabon wata. Malaminta da shugabanninta da sauran jama'a suka bi hanyar da suka saba: rubuta koke, neman goyon bayan maƙwabta da masana tarihi, halartar zaman hukuma. A watan Oktoba na 2021 kwamitin tsara gine-gine na birnin ya ƙi amincewa da shirin. Masu shi suka rage hawa suka dawo, a Disamba na 2024 aka sake ƙi.