Gidan ceton jakuna na Sidmouth

A kusa da garin Sidmouth da ke yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila, akwai wata gona mai suna Slade House, wadda ita ce hedikwatar ƙungiyar The Donkey Sanctuary, mai karɓar jakunan da aka wulaƙanta ko masu su suka kasa riƙewa.

Wata mata mai suna Elisabeth Svendsen ce ta kafa ƙungiyar, bayan da ta sayi jakarta ta farko a shekarar 1969. An yi wa ƙungiyar rajista a 1973, kuma a 1974 wata dattijuwa, Violet Philpin, ta rasu ta bar mata wasiyyar jakuna 204. Ita kanta Svendsen ta rasu a 2011.

Zama cikin garke

A wannan gida ba a ɗaure kowane jaki a turkensa. Ana sakin su ne garke-garke, a manyan rumfuna masu buɗewa zuwa filin kiwo.

Idan aka kawo sabon jaki, sai a killace shi na wasu makonni, likitoci su duba lafiyarsa, kuma a dandaƙe shi idan namiji ne. Daga nan ne ake zaɓa masa garke gwargwadon shekarunsa da lafiyarsa da halinsa. Tsofaffi na da nasu rukunin, haka ma waɗanda ƙiba ta yi wa yawa.

Babbar ƙa'idar dai ita ce ba a raba jakuna biyu da suka shaƙu da juna. Jakin da aka raba da abokinsa yakan daina cin abinci, abin da kan sa kitsen jikinsa ya kwararo cikin jini ya lalata hanta da ƙoda, kuma cutar tana kisa. Abin da ke ƙara haɗarin shi ne jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, ta yadda sau da yawa ba a ankara sai abu ya yi nisa.

Saboda haka ko asibiti za a kai jaki, tare da abokinsa ake tafiya. Idan kuma ɗaya ya mutu, akan bar ɗayan kusa da gawar na ɗan lokaci kafin a ɗauke ta. Masu neman riƙon jakuna a gidajensu ma biyu-biyu ake ba su.

Bambanci da doki

A daji, dawaki na yawo ne cikin garke mai ingarma ɗaya da goɗiyoyi da 'ya'yansu, kuma da sun ji tsoro sai su sheƙa da gudu tare. Shi kuwa jaki ya samo asali ne daga jakin dawa na busassun yankunan arewa maso gabashin Afirka, inda ƙarancin ciyawa ke sa dabbobi warwatsuwa. Idan ya tsorata yakan cije wuri guda, wanda mutane ke ɗauka taurin kai ne.

Damshin Ingila bai dace da shi ba. Gashinsa ba ya tare ruwan sama kamar na doki, kofatonsa na jiƙa ya lalace, sannan ɗanyar ciyawa na sa shi ƙiba da ciwon kofato. Shi ya sa busasshen karan sha'ir ne babban abincinsa a can. Haka kuma yana iya ɗaukar tsutsar huhu ba tare da wata alama ba, ya shafa wa dawakin da ke kiwo tare da shi.

Sai dai garken Sidmouth bai zama irin na daji zalla ba, tun da ba a barin jakunan su hayayyafa, kuma mutane ne ke zaɓa musu abokan zama. Dalilin hana haihuwar a fili yake: jaki kan haura shekara 30, kuma kowane jariri zai cinye gurbin wani da ke buƙatar ceto.

Cinikin fata

A 'yan shekarun nan ƙungiyar ta mai da hankali kan cinikin fatar jaki, wadda ake haɗa maganin gargajiya na ejiao da ita a ƙasar Sin. Wani rahotonta na 2024 ya ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 a kowace shekara domin wannan kasuwa.

Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna tun a 2016, yayin da Tarayyar Afirka ta amince da haramta yanka su domin fata a taronta na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024.