Sauron da Ya Rabu Gida Biyu

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa. Cikin masanan da suka duba sauron yankin akwai Mario Coluzzi, ɗan ƙasar Italiya. Ya lura cewa sauro biyu kan yi kama kamar an tsaga kara, amma tsarin kuromosom ɗinsu, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, ya sha bamban. Bambancin kuma yana tafiya da bushewar ƙasa da wurin da sauron ke fakewa, ɗaki ko waje.

Bincike ya ci gaba a Mali da maƙwabtanta. A 2001 aka bayyana cewa Anopheles gambiae, babban mai yaɗa cutar, ya kasu biyu. A 2013, shekara guda bayan rasuwar Coluzzi, aka ɗauki ɗaya kason a matsayin jinsi mai zaman kansa, aka raɗa masa Anopheles coluzzii.

Babu dutse ko teku a tsakaninsu. Ruwa ne ya raba su. Gambiae ya fi yin ƙwai a ɗan ruwan da sama ta bari, mai saurin ƙafewa. Coluzzii ya fi son ruwa mai daɗewa, irin na gonar shinkafa, inda tsutsotsinsa suka fi iya kauce wa ƙwarin da ke cin su. Da magariba kuma mazan kowanne sukan yi dandazon barbara a nasu wuri. Da cuɗanya ta ragu, kowane ɓangare ya riƙa tara nasa gadon.

Sai dai katangar ba ta rufe ruf ba. Wajen 2006, a Mali, ƙwayar gadon jure maganin ƙwari ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta hanyar barbara, daidai lokacin da gidan sauro mai magani ke yaɗuwa.

Wannan tarihi ya shafi Gwarzo da Kabo, maƙwabtan madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye. Ruwan noman rani irin wanda coluzzii ke so ne. Inda ruwa ke kwana har bazara, ɗaukewar damina ba ta isa dalilin naɗe gidan sauro ba.