Cututtukan ido a shirin aikin ido kyauta

Aikin ido kyauta shiri ne da likitocin ido da ma'aikatan jinya ke fita daga babban asibiti zuwa ƙaramin gari na 'yan kwanaki, su duba jama'a, su ba da magani da tabarau, su yi wa wasu tiyata. Ana yin sa a ƙasashe masu tasowa da yawa. A jihar Zamfara ƙwararrun ido sun fi taruwa a Gusau, don haka ga mutanen gari irin Bilbis da ke ƙaramar hukumar Tsafe, ko na ƙauyukan Bungudu, irin wannan shiri shi ne hanya mafi kusa ta ganin likitan ido. Ƙungiyar Sightsavers na cikin waɗanda suka daɗe suna tallafa wa jihar a wannan fanni.

Abin da ya fi kawo mutane

Yawancin masu shiga layi ba makafi ba ne. Da yawa ƙaiƙayi da jan ido ke kawo su, musamman yara a lokacin hunturu da ƙura. Wasu kuma waɗanda suka haura shekara 40 ne, gani na kusa ya yi rauni, karatu ko zura zare a allura ya gagara. Waɗannan tabarau kawai suke buƙata.

Yanar ido

Ita ce kan gaba wajen makantarwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce sanadin kusan kashi 43 cikin ɗari na makantar. Madubin da ke cikin ido ne yake dushewa sannu a hankali, galibi saboda shekaru. A wajen tiyata ana cire shi a saka na roba, washegari a buɗe bandeji. Wasu kan zo bayan mai maganin gargajiya ya riga ya tura yanar can cikin ido da tsinke. Sau da yawa hakan na jawo kumburi ko ya lalata idon gaba ɗaya.

Hawan jinin ido

Wannan suna na gilakoma yana ɗan rikitarwa, domin ba jini ne ke hawa ba: ruwan cikin ido ne yake matsa wa jijiyar gani har ta mutu. Ita ce ta biyu a wancan binciken, da kusan kashi 17 cikin ɗari. Yawanci ba ta ciwo, kuma daga gefe take fara cin gani, shi ya sa majinyaci kan zo a makare. Ganin da ta cinye ba ya dawowa. A nan ne raunin shirin ya fi fitowa, domin cutar na buƙatar ɗiga magani kullum da awo akai-akai, alhali tawagar za ta tafi bayan 'yan kwanaki. Sai dai a tura mutum Gusau, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA a Kano, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya.

Amosanin ido da hakiya

Amosani na yaɗuwa ta ƙuda, hannu da tsumma, inda ruwa ya yi ƙaranci. Idan ya yi ta maimaituwa tun ƙuruciya, fatar ido kan lanƙwashe ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido. Ya fi kama mata. Ana gyara fatar da ƙaramar tiyata, ana kuma raba wa al'umma maganin azithromycin. Hakiya kuwa tabo ne da kan biyo bayan ƙyanda, ƙarancin bitamin A, rauni a gona, ko zuba wa ido maganin da bai dace ba.