Marsandi da Hannun Mace a Cikinta

'Yan uwana mata, mu dai sanin da muka yi wa Marsandi bai wuce ranar ɗaukar amarya ba, ko a ce Alhaji wane ya sako sabuwa. To ni abin da ya fi burge ni a tarihinta mace ce, sunanta Bertha, matar Karl Benz na ƙasar Jamus.

Da dukiyar aurenta aka tallafi sana'ar mijin, har ya yi wa motarsa mai ƙafa uku rajista a 1886. Amma fa babu masu saye, kowa tsoro yake ji. A watan Agusta 1888 sai baiwar Allah ta yi sammako, ba ta gaya wa maigidan ba (wannan kam ban ce ku kwaikwaya ba!), ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu daga Mannheim zuwa gidan mahaifiyarta a Pforzheim, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Mai ya ƙare, ta saya a kantin magani a Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare allurar hularta ta tsokale shi. Birki ya cinye, ta sa baduku ya manna masa fata.

Sunan Mercedes ma na yarinya ne, 'yar wani dillali Emil Jellinek. A 1926 kamfanin Benz da na Daimler suka haɗe.

Masu ita kan ce tana da ƙarko, injinta kan daɗe bai gaji ba. Amma ranar da ta kwanta, uwargida ce ke fara ji a kuɗin cefane, don kayan gyaranta ba araha.