Ƙwandalar 1780 da makin 70: abin da kasuwar Kano ta daɗe da sani game da azurfa

A gidaje da dama na Kano, daga cikin birni har zuwa Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, idan aka buɗe akwatin tsohuwa wajen rabon gado akan tarar da wata ƙatuwar ƙwandalar azurfa mai hoton mace a fuska ɗaya, gaggafa mai kai biyu a ɗaya fuskar, da shekarar 1780. Magada kan yi murna cewa sun tsinci kayan tarihi mai shekara fiye da 240. A yau kuma jikokin wannan tsohuwa suna gani a wayoyinsu sababbin ƙwandalolin azurfa na Amurka da Kanada a liƙe cikin gidan roba, da lamba 69 ko 70 a kai, ana sayar da su sama da farashin azurfar da ke jikinsu. Ko biyan kuɗi don a ba ƙwandala wannan maki yana da riba? Tarihin tsohuwar ƙwandalar ya riga ya amsa mafi yawan tambayar.

Matar da ke jikinta ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda aka fara buga ƙwandalar da hotonta a 1741. Ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun amince da wannan kuɗi, ba sa son a sauya masa kama. Sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwarta. An buga shi a Biyana, daga baya a Rum, Landan, Faris, Burasal da Bombai, har adadinsa ya haura miliyan 300. Don haka 1780 da ke jikin ta cikin akwati ba ta nuna ranar da aka ƙera ta. Mai yiwuwa an buga ta a 1860, ko a 1940.

Fatake ne suka ratso da ita Sahara daga Tarabulus, ta Ghadames da Ghat, zuwa Kano. Hausawa suka kira ta liyari. Sunanta na Jamusanci, tala, shi ne tushen kalmar dala, wadda daga baya aka laƙaba wa sule biyu na Ingilishi. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza ta a kan wuri 2,500. Wuri ne kuɗin cefane, shi ya sa ma kalmar kuɗi ta samo asali daga jam'insa. Amma dukiya mai yawa a wuri sai an ɗora wa jakuna, ga shi darajarsa ta yi ta faɗuwa yayin da jiragen Turawa ke jibge shi a bakin teku. Liyari ne ya zama ma'ajiyar attajiri.

Amincin da aka ba ta daga jikinta ya fito: nauyinta giram 28, kashi 83.3 cikin 100 azurfa ne, kuma akwai rubutu a gefenta da ke tona asirin duk wanda ya kankare ta. A kasuwannin Habasha masu saye kan duba 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, su ƙi karɓar wadda ta goge. Wannan ma tantancewa ce, sai dai manufarta ita ce a tabbatar azurfar ta cika. A Kano kuwa ƙarshen liyari da yawa shi ne wutar maƙeran fari, inda ta koma munduwa, zobe da kayan doki. Wasu aka huda su ko aka liƙa musu kunne don ratayawa a wuya.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka nemi haraji da kuɗinsu. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fito da sule da dala na azurfa a 1913. Da farashin azurfa ya tashi bayan Yaƙin Duniya na Farko, aka koma buga su da gaurayen tagulla daga 1920. Tun daga nan azurfa ta bar hannun masu cefane, ta koma ado da ajiya.

Ba wa ƙwandala maki al'ada ce da ta tsiro a wata kasuwa dabam. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70 don tsofaffin kwabban Amurka. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC. Aikinsu shi ne su duba ƙwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki, su rufe ta a gidan roba. Ga tsohuwar ƙwandala da 'yan kaɗan suka rage a duniya, wannan aiki yana da amfani, domin ɗan bambancin lafiyarta na iya ninka farashi, kuma mai saye daga nesa yana bukatar shaidar wanda ba shi da hannu a cinikin.

Ƙwandalolin ajiya na zamani kuwa jikokin liyari ne. Silver Eagle ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1986, da Maple Leaf ta azurfa ta Kanada, daga 1988, kowace tana ɗauke da giram 31.1 na azurfa, kuma don ƙarfen ake ƙera su. A 2015 kaɗai an fitar da Silver Eagle miliyan 47. Kusan duka suna fitowa sumul, babu wadda ta taɓa shiga aljihu, saboda haka samun maki 69 ba abin mamaki ba ne, kuma bai cika ƙara abin a zo a gani a farashi ba. Maki 70 ne ke jawo ƙari, amma manyan dillalai da ke aika dubbai a rangwame su suka fi cin wannan moriya. Akwai 'yan keɓantattu, kamar bugu na musamman na 1995 mai alamar W, wanda guda 30,125 kawai aka yi. Ƙarancin ne ya ba shi daraja, makin shaida ce kawai.

Mai ƙwandala a Unguwa Uku yana da ƙarin lissafi. Ofisoshin waɗannan kamfanoni suna Amurka, Turai da Asiya. Zai biya kuɗin tantancewa da kuɗin ƙasashen waje, ya biya na aikawa da dawowa da inshora, ya yi makonni yana jira. Idan ta dawo da 69, ya yi asara. Idan ta dawo da 70, sai ya nemi mai sayen da ya san ma'anar lambar, alhali mai sayen azurfa a Kasuwar Kurmi sikeli zai ɗauko. Liyarin gado ma ba ta tsira ba: kamfanonin ba sa ba da cikakken maki ga ƙwandalar da aka huda, aka liƙa wa kunne, ko aka goge da toka da lemun tsami, kuma hakan aka yi wa wasu daga cikin na gidajen Hausawa.

Abin da mai saye a Kano ya fi bukata shi ne tabbacin cewa azurfar ta gaske ce, domin ana buga jabun Silver Eagle, har gidan robar ma ana kwaikwayo. Wannan kuwa ana iya gano mafi yawansa a gida: a auna nauyi da faɗi, a gwada da maganaɗisu tunda ba ya kama azurfa, a saurari amonta, a kai wa maƙerin fari da aka yarda da shi. Wanda ya sayi mai gidan roba kuma ya duba lambarta a rajistar kamfanin da ke intanet.

Tantancewa tana biyan kuɗinta ne idan abu biyu sun haɗu: ƙwandalar ba ta da yawa, kuma akwai kasuwar da ke biyan maki. Ga wanda ke ajiyar azurfa don gudun faɗuwar naira, kuɗin da zai kashe kan maki gara ya ƙara su ya sayi wata ƙwandalar. Wanda ya gāji liyari kuma ya bar ta yadda take, kada ya goge, ya san nauyinta kafin ya saurari tayin kowa.