Daga Takarda Mai Wata Uku Zuwa Kachalla: Abin da Kogin Haɗeja Zai Iya Ɗauka

Tsofaffin littattafan da malaman ƙasar Haɗeja suka gada, idan aka ɗaga warƙa ɗaya aka haska ta a rana, sau da yawa ana ganin tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. A arewacin Italiya ake yin ta, wajajen Banis, kuma gidan Galvani na cikin waɗanda suka yi suna wajen yin ta a ƙarni na 19. Tsummokara ake jiƙawa a kirɓa su da ƙarfin ruwan ƙoramu, a tace, a shanya. Daga can ta bi jirgin ruwa zuwa Tarabulus ko Masar, raƙuma su keto Sahara da ita, fatake su baje ta a kasuwar Kurmi. Tsadarta ce ta sa almajiri ya riƙe allo, ya rubuta ya wanke, sai ya kai munzalin rubuta Alƙur'ani da ka sannan a ba shi takarda. Ruwan da aka ɓata wajen yin takardar nan kuwa na wasu ne, dauɗar ma a koginsu ta tsaya.

Haka aka ci gaba bayan zuwan Turawa, hanya ce kawai ta sauya. A 1930 layin dogo daga Kano ya ratsa Malam Madori da Birniwa ya dire a Nguru. Gyaɗa da fata suka riƙa gangarawa kudu, takarda ta riƙa haurowa daga bakin teku, ta haraji da ta makaranta, daga baya har da wadda aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a kanta tun daga 1939.

Bayan samun 'yanci ne gwamnatin tarayya ta ce ƙasa mai yawan dazuzzuka kamar Najeriya ba ta da dalilin sayen takarda daga waje. Masana'antar Jebba ta fara aiki a 1969 a gaɓar kogin Kwara, aka faɗaɗa ta a tsakiyar shekarun 1980 don yin takardar buhu da kwali. Ta Oku Iboku, mai takardar jarida, ta soma a 1986 kusa da kogin Kuros Riba. Ta Iwopin da ke jihar Ogun, wadda aka yi niyyar ta riƙa yin farar takardar rubutu, an dasa ta a bakin tafkin da ke haɗe da teku. Duk ukun a bakin babban ruwa suke, kuma ba don sha'awar kallo ba ne.

Yin takarda aikin ruwa ne daga farko har ƙarshe. Ana datsa itace ƙanana, a dafa shi da soda mai ƙarfi har ƙaron da ya riƙe zarurrukan ya narke, a wanke kullun, a wanke shi kuma, a sa masa maganin fari, sannan a tsinka shi da ruwa har ya zama ruwan ya fi kashi 99 cikin ɗari kafin a zuba a kan rariyar injin. Masana'antun da, kilo ɗaya na takarda yana iya lashe musu lita 200, wato duro guda cur. Ba shan ruwan ne ya fi muni ba, abin da ke fitowa ne. Dahuwar tana barin wani baƙin ruwa mai kauri da wari, wanda idan ya shiga kogi yakan cinye iskar da kifi ke shaƙa. Tun shekarun 1930 aka ƙera tukunyar da ke ƙona wannan baƙin ruwa ta mayar da sodar, ta kuma ba da tururi da lantarki, sai dai tana da tsadar da babbar masana'anta kaɗai ke iya ɗauka. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka gano cewa farantawa da iskar kulorin na haifar da gubar dayoksin, wadda ke taruwa a jikin kifi. Da jama'a suka tayar da jijiyar wuya a Turai da Amurka, kamfanoni suka sauya maganin farin, suka koyi juya ruwa ɗaya sau da yawa. Yau masana'anta mai kyau tana yin kilo guda da lita 10 zuwa 50.

Mu wannan gyara ya wuce mu, domin kafin ƙarnin ya ƙare masana'antun namu uku sun yi shiru. Itacen malaina da aka shuka musu gajeren zare gare shi, dole sai an sayo dogon zare daga waje a gauraya, ga kuɗin waje ya yi wuya, ga kayan gyara babu, ga rashin riƙo irin na kayan gwamnati. Iwopin ba ta taɓa yin cikakken aiki ba. An sayar da su ga 'yan kasuwa a shekarun 2000, Jebba ce ta ɗan farfaɗo, ita ma da tsohuwar takarda take aiki. Doka kuwa a baya take tafe. Sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli a 2007, ƙa'idojin masana'antar takarda da katako kuma a 2013, lokacin da kusan babu sauran wanda za a ɗora wa su. Kenya ta fi mu daɗewa a harkar, ta kuma fi mu shan wahalarta: masana'antar Webuye da aka buɗe a 1974 ta yi shekaru mutanen gaɓar kogin Nzoia na kukan wari da ruwanta kafin ta durƙushe a 2009.

A waɗannan shekaru ɗin dai Kogin Haɗeja yana cikin nasa sauyin. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Challawa a 1992. Madatsun nan biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke gangarowa Haɗeja. Kano ta samu ruwan famfo, Kadawa da Kura suka samu noman rani, aka kuma yi shingen Haɗeja don ban-ruwan ƙasar Auyo. Amfanin ba a ɓoye yake ba, kowa ya ci tumatirin Kadawa. To amma kogin da ya saba cika da damina ya malale fadamu, ya ja baya da rani ƙasa ta bushe, yanzu ambaliyarsa ta ragu, sannan ba ya ƙafewa. Ruwa maras zurfi da ke kwance shekara zagaye shi ne abin da ciyawar kachalla ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa hanyar Marma ya mamaye gonaki a wajajen Kirikasamma da Guri da Nguru, mutanen ƙasa da nan kuma suna jiran ruwan da bai iso ba. Masunta suka rasa inda za su jefa koma, jan-baki ya samu wurin kwana kusa da gonakin shinkafa da gero. Masu binciken tattalin arziki irin su Edward Barbier, waɗanda suka yi aiki da shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987, sun auna noma da su da itacen wuta na fadama suka ga cewa ruwa ɗaya ya fi kawo amfani idan an bar shi ya malale fadama a kan a tare shi a sama. Ba a cika sauraronsu ba. A 2006 jihohi shida da gwamnatin tarayya suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan yankin, amma har yau kachalla na nan, gwamnatin Jigawa kuma na ta faman yashe kogi da injina.

Idan ana son a san yadda masana'anta ke yi wa kogin nan, ba sai an je Jebba ba. Majeman da sun yi jima da bagaruwa da toka. Kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai da sinadarin kuromiyom suke yi, kuma an daɗe ana kokawa cewa ruwansu na shiga Salanta da Challawa da Jakara ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. Challawa kuwa ita ce ke haɗuwa da Kogin Kano su bi ta Wudil da Ringim su iso mana. Dokar tace ruwa tana nan a rubuce tun 1991.

Wannan ne ya sa nake jin ɗar-ɗar duk lokacin da aka ce ai maganin kachalla shi ne a kafa masana'antar takarda. Maganar ba shirme ba ce. Kachalla na da zare, ana iya yin takarda da ita, kuma an gwada ta a wasu ayyukan: a nan ƙarƙashin shirin ban-ruwa na TRIMING an yi gwajin mayar da ita gas ɗin girki da abincin dabbobi, a Senegal ana yin gawayi da kayan gini da ita. Amma masana'antar ciyawa kusan kullum ƙarama ce, ƙarama kuwa ba ta iya sayen tukunyar ƙona baƙin ruwa. Kuma ba za ta tsaya kan kachalla ba, za ta miƙa hannu ga karan shinkafa da na alkama, waɗanda shanun makiyaya ke dogaro da su da rani, waɗanda kuma ke da wani yashi a jikinsu da ke toshe bututun tukunyar ko da an saye ta. Ƙasar Sin ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Ƙananan masana'antun karan alkama suka cika gaɓar kogin Huai, ruwa ya yi baƙi, garuruwa suka rasa na sha, sai da gwamnati ta ba da umarni a 1996 a rufe duk wadda ba ta kai tan 5,000 a shekara ba. Huai ta ninka Kogin Haɗeja ruwa nesa ba kusa ba. Namu a watan Afrilu abin da aka sako daga Tiga da Challawa ne kawai, bayan Kano ta sha, Kadawa ta yi ban-ruwa, kamfanonin fata sun wanke hannu.

Mutumin Birniwa na iya cewa shi a tudu yake, gero da riɗi yake nomawa, me ya haɗa shi da kogi? Rijiyarsa ce ta haɗa su. Ruwan da ke malalewa a fadama yana nutsewa ƙasa ya ciyar da rijiyoyi da burtsatse na garuruwan da ba sa ko hango kogin. Abin da ya shiga ƙarƙashin ƙasa kuma babu injin yashe da zai fito da shi. Ga Baturiya da aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2008, ga tafkin Nguru da hanyar Marma tun 2000, dukkansu a ƙasan duk inda za a kafa irin wannan masana'anta.

Akwai aikin takarda da ya dace da mu. Tsofaffin kwalaye da jaridu da takardun jarrabawa da ake ƙonawa a bola ana iya jiƙa su a yi kiret ɗin ƙwai da kwali, ba dahuwa da soda, ba maganin fari, ruwan kuma ana juya shi. Wanda ya zo da wannan a yi masa maraba. Wanda kuma ya zo da maganar dafa kachalla, hakimai da dagatai da ƙungiyoyin masunta da manoma, tun daga Auyo har Birniwa da Guri, su nemi ya karanta musu rahoton illar aikin da Hausa a bainar jama'a, ya faɗi lita nawa zai ɗiba a kowace rana ta bazara, ya nuna inda baƙin ruwan zai tafi. Idan ya yarda da tsabtar abin da zai zubar, ya sa bakin bututun ɗibansa a ƙasan na zubarwarsa. In ya ƙi wannan sharaɗi, kada a ba shi fili.